HUTUN ASABAR A ƘASAR DA RUWA BA YA YANKEWA

Wurin karatu: Fitowa 34:21 da Maimaitawar Shari'a 11:10-12

Ɗan'uwa cikin Almasihu, in akwai tsoho a gidanku da ya haura shekara saba'in, ka zauna kusa da shi yau da yamma ka tambaye shi yadda rani yake a ƙasar nan lokacin ƙuruciyarsa. Zai gaya maka cewa da an yanke dawa an kai rumbu, sai a rataye fartanya. Gona ta koma ta shanun Fulani, su ci kara su bar taki. Maza su gyara jinka da danga, a yi bukukuwan aure, a je ziyarar dangi, samari kuma su tafi ci-rani. Ba wai sun fi mu son hutu ba ne. Sama ce ta rufe, ƙasa ta bushe, dole kowa ya ajiye aiki.

Sai aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwa ya biyo babban kanal, ba inji ba famfo, gangare kawai, ya shigo filayen Bunkure da Garun Malam da Kura. Tun daga nan shekararmu ta sāke. Da damina shinkafa. Da hunturu alkama da tumatir da albasa. Kafin a gama kwashe su wani ya riga ya zuba irin masara ko ya fara dashen wata shinkafar. Kada ka ji ni kamar ina kushen wannan ruwa. Kyautar Allah ce. Da kuɗin tumatir aka yi wa majami'u da yawa rufin kwano a wannan yanki, da shi aka biya wa yawancinmu kuɗin makaranta, har da ni mai wannan rubutu. Amma ruwan ya tafi da abu ɗaya da ba mu lura ba: lokacin da gona take sakin mutum. Yanzu ba ta saki. In kana so ka huta, sai dai kai ka sake ta, tana kiranka.

Abin da ya sa na rubuta wannan darasi wata tambaya ce da wani ɗan'uwa ya yi mini bayan nazarin Littafi Mai Tsarki. Filinsa yana can ƙarshen kanal, inda ruwa yake isa bayan na sama sun ƙoshi. Ya ce, "Mai bishara, layin ruwana ya faɗo ran Lahadi da safe. Tumatir ya fara fure. In na bari sai wani mako, furen zai zube, ga bashin taki a wuyana. In na tafi gona, zuciyata tana yanke mini hukunci. Wanne ne zunubi?" Ban amsa masa nan take ba, domin na san amsoshi biyu masu sauƙi, kuma duka biyun suna ɓad da mutum. Ta farko ita ce, "Kada ka kuskura, Allah zai la'anci gonar." Ta biyu ita ce, "Muna ƙarƙashin alheri, duk ranaku ɗaya ne, je ka abinka." Mu bi Nassi a hankali tukuna, za mu komo kan tambayarsa.

Ma'anar kalmar

A makarantar tauhidi aka fara nuna mini cewa kalmar Ibrananci da aka samo sunan ranar daga gare ta, wato shabat, ainihin ma'anarta ita ce tsayawa, ko daina abin da kake yi. Asabar ɗinmu ta Hausa ma daga tushen nan take, ta hanyar Larabci ta zo mana. Wannan ya warware mini wani abu da ya daɗe yana damuna a Farawa 2:2-3. Yaya za a ce Allah ya huta, alhali Ishaya 40:28 ya tabbatar mana ba ya gajiya? Ashe ba gajiya ce ta tsai da shi ba. Aikin ne ya kammala, ya duba, ya ji daɗinsa, ya tsaya. Ka kuma lura da wannan: a rana ta shida aka yi mutum. Ke nan cikakkiyar ranar farko da Adamu ya wayi gari a cikinta ranar hutu ce. Bai riga ya yi noman kunya ko ɗaya ba, ya tarar da gona a shirye, itatuwa da 'ya'ya, kogi yana gudu. Mutum bai sami hutu a matsayin ladan aiki ba. Daga cikin hutun Allah ya tashi ya fara aiki.

To, ga ayar da ta fi shafarmu. A Fitowa 34:21 an maimaita umarnin aikin kwana shida da hutun rana ta bakwai, sai aka ƙara wani abu da ba a faɗa a Dokoki Goma ba: hutun ya haɗa har da lokacin huɗa da lokacin girbi. Wa ya ce wa Allah ya ƙara wannan? Ya san manomi ne. Ya san za mu ce, "Bari a gama dashe." In an gama dashe, "Bari a gama ciyawa." Sannan feshi, sannan korar tsuntsu, sannan yanka, sannan bugu. Manomin damina yana da ranar da wannan "bari" take ƙarewa. Kai da kake noman rani a kan ruwan Tiga, taka ba ta da ƙarshe. In ba ka koyi tsayawa a tsakiyar aiki ba, ba za ka taɓa tsayawa ba sai ran da ciwo ya kwantar da kai.

Masar da Kan'ana

Akwai wani wuri da na sha karantawa ina wucewa, sai da na kama fartanyar ban ruwa da hannuna na gane shi. A Maimaitawar Shari'a 11:10-12 Musa yana kwatanta wa Isra'ilawa ƙasar da suka baro da wadda za su shiga. Ya tuna musu cewa a Masar in mutum ya shuka iri, shi ne zai shayar da shi da ƙafarsa kamar mai lambu. Ƙasar alkawari kuwa daga sama take shan ruwa, kuma idon Ubangiji yana kanta tun farkon shekara har ƙarshenta.

Shayarwa da ƙafa! Wa zai gaya mana wannan? Ka tsaya a cikin taɓo, ka buɗe bakin fangali, ruwa ya cika, ka tura ƙasa da ƙafa ka toshe, ka buɗe na gaba. Masar ƙasar noman rani ce, kogin Nilu ne Tigarsu. Kuma a ƙasar nan ce Isra'ila suka yi bauta, inda Fir'auna, da Musa ya roƙa a sake su su yi wa Allah sujada, ya kira su ragwaye ya ƙara musu aiki (Fitowa 5).

Musa ba yana cewa ban ruwa zunubi ba ne. Gonar Aidan kanta kogi ne yake shayar da ita (Farawa 2:10). Abin da yake nunawa shi ne jarabar da take tare da irin wannan noma. Manomin damina yakan ɗaga kai sama ko yana so ko ba ya so. Mai ban ruwa kuwa idonsa yana kan ƙofar kanal. A hankali sai zuciyarsa ta fara gaya masa cewa amfanin nan daga ƙafarsa yake fitowa: in ya tsaya, kome ya tsaya. Mutumin da ya gaskata haka ba zai iya hutawa ba, ko da ka ɗaure shi a kan benci a majami'a. Jikinsa yana nan, hankalinsa yana fangali na goma sha biyu.

Amma ka bi kanal ɗin nan da tunaninka, ka haura. Ka wuce Kadawa, ka wuce Ruwan Kanya, ka isa Tiga. Wa ya cika ta? Hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are tana buɗe ƙofa tana rufewa, tana raba abin da ta samu, amma ba ta da ikon ƙirƙirar ko cokali ɗaya. Ruwan da ya sauka da damina a duwatsun kudu, wajen Doguwa da Tudun Wada, shi ne yake shiga fangalinka a watan Fabrairu. Har yanzu ruwan sama kake sha, ɗan'uwa. An ajiye maka shi ne kawai.

In kuma ka manta, ka tuna 2016. Ruwa yana nan, taki yana nan, an yi feshi har an gaji, amma ƙwaron nan da muke kira sharon ya shiga ganyen tumatir ya cinye gonaki cikin 'yan kwanaki. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, sai da ta dakata saboda rashin tumatir. Waɗanda suka yi kwana bakwai a gona kowane mako da waɗanda suka yi shida, asara ɗaya suka yi. Ba ina cewa hukuncin Allah ba ne, ban san wannan ba, kuma ina jin tsoron masu wa'azin da suke saurin sani. Abin da na gani shi ne shekarar ta tona ƙaryar da take cewa kome yana hannunmu. Bulus ya faɗi haka game da aikin bishara a 1 Korantiyawa 3:6-7: shi ya yi dashe, Afolos ya yi ban ruwa, amma girma daga wurin Allah ya zo. Mai dashe da mai ban ruwa, mu ke nan.

Asabar ko Lahadi?

Zan wuce wannan da sauri, domin gardamarsa ta fi amfaninsa yawa. Ranar da aka ba Isra'ila ita ce rana ta bakwai, Asabar, daga faɗuwar rana ran Jumma'a. Yesu ya tashi daga matattu a ranar farko ta mako, masu bi na fari kuma suka riƙa taruwa a ranar (Ayyukan Manzanni 20:7, 1 Korantiyawa 16:2). Yahaya ya kira ta ranar Ubangiji. A Kolosiyawa 2:16-17 Bulus ya hana kowa ya yanke wa mai bi hukunci a kan Asabar, domin ita inuwa ce, Almasihu ne mai inuwar. Saboda haka in wani ya zo ƙofar gidanka ya ce cetonka ya rataya a kan rana, ka ba shi ruwa ya sha, ka buɗe masa Romawa 14:5-6.

Ga wani abu daga tarihi da zai taimake ka. Masu bi na fari, da yawansu bayi da 'yan ƙwadago, ba wanda ya ba su hutun Lahadi. Da sassafe ko da dare suke taruwa. Sai a shekara ta 321 Sarki Kustantin na Roma ya kafa doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ran Lahadi. A cikin dokar nan ya ɗaga wa manoma ƙafa, ya ce su ci gaba da aikin gona, kada lokacin shuka ya wuce su. Ka gani? Sarkin duniya ya dubi manomi ya ce, wannan ba zai iya hutawa ba. Allah kuwa a Fitowa 34:21 manomin ya kira da sunan aikinsa. Ba ma ƙarƙashin wannan doka kamar bawa a ƙarƙashin bulala, amma zuciyar da ta ba da ita ba ta sāke ba. Yesu ya nuna a Markus 2:27 cewa domin amfanin ɗan'adam aka kafa ranar. Wanda ya ce alheri ya 'yantar da shi don ya yi aikin kwana bakwai, ya mai da kyautar da aka ba shi ne, ya koma wurin Fir'auna da ƙafarsa.

To, layin ruwan fa?

Ga abin da na gaya wa ɗan'uwan nan. A Luka 13:10-17 Yesu ya warkar da wata mace da ta yi shekara 18 a tanƙware, shugaban majami'a ya husata don ran Asabar ne. Yesu ya tuna musu cewa kowannensu yakan kwance sansa ko jakinsa ran Asabar ya kai shi shan ruwa. Bai tsauta musu a kan shayarwar ba, da ita ma ya kafa hujja. A Luka 14:5 kuma ya yi maganar dabbar da ta faɗa rijiya, ba mai barin ta sai gobe. Ruwan da ba kai ka sa masa rana ba, shukar da za ta mutu in ba ta sha ba, abincin 'ya'yanka na shekara: je ka shayar. Kada ka je kamar ɓarawo, kana ɓuya kada dattawa su gan ka. Ka je da godiya, ka gama, ka wanke ƙafa, ka zo sujadar yamma. In Lahadin ta tafi duka, ka keɓe wa Ubangiji wata rana cikin makon, ka tsare ta.

Amma na ƙara masa da tambaya biyu. Ta farko: ka taɓa neman musanya? Maƙwabcin filinka Musulmi ne. Ran Jumma'a da rana ta take, ka ga yadda yake ajiye fartanya ya nufi masallaci, ko ruwa yana gudu. Shi ma yana da lokacin da ba ya so a taɓa masa. Ka same shi da mutunci, ka ce, "Malam, ka kama mini ruwa ran Lahadi da safe, ni in kama maka ran Jumma'a." Na ga inda wannan ya yi aiki shekara da shekaru, har 'ya'yansu suka gāji tsarin. Ka kuma yi magana a taron ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku. Sau da yawa ba ƙi aka yi ba, ba mu tambaya ba ne.

Ta biyu ta fi zafi: ruwa ne kaɗai yake kai ka gona ran Lahadi? Domin akwai larura, akwai kuma kwaɗayi da ya ari rigar larura. Annabi Amos ya san waɗansu mutane masu kiyaye Asabar sarai, ba sa buɗe rumfa, amma suna zaune suna ƙosawa ta wuce su fitar da alkamarsu kasuwa (Amos 8:4-6). Alkama fa, irin wadda muke yanka a watan Maris. Ba su karya doka ba ko kaɗan, duk da haka Allah ya husata da su, domin zuciyarsu ba ta taɓa barin kasuwa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ne wannan mutum wata shekara. Na yi hayar fili, na ci bashi na zuba tumatir, da niyyar in tallafa wa aikin bishara. Da lokacin tsinka ya zo, ina tsaye a bagade ina wa'azi a kan dogara ga Allah, waya tana cikin aljihuna tana motsi, na kuwa san dillali ne daga Kwanar Gafan, motar Legas tana lodi. Na yanke wa'azin. Na rufe sujada da addu'ar da ba ta kai numfashi uku ba, na hau babur. Kuma ba wai tumatir ɗin zai lalace kafin Litinin ba ne, farashin kwando ne na ji ya ɗaga. Da na komo da dare, maiɗakina ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Baban yara, yau wata tsohuwa ta tako tun daga ƙauye don ka yi wa jikanta addu'a. Ta jira har rana ta karkata." Kuɗin da na samo a ranar, ban iya tuna abin da na yi da shi ba. Tsohuwar nan kuwa ina tuna ta har yau, ko da yake ban ga fuskarta ba.

Hutun wa?

Dokoki Goma sun zo sau biyu a Littafi Mai Tsarki. A Fitowa 20 dalilin hutun shi ne halitta. A Maimaitawar Shari'a 5:12-15 dalilin shi ne fansa: ka tuna kai bawa ne dā a Masar, don haka ɗanka da 'yarka da baranka da baranyarka da dabbarka da baƙon da yake garinka su ma su huta yadda kake hutawa.

A nan ne yawancinmu muke faɗuwa, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa. Mutum ya sa babbar riga, ya zauna a gaba, ya yi rawa ya kai baiko, alhali 'yan ƙwadago goma suna sunkuye a filinsa tun asuba. Ɗansa ɗan shekara tara ba ya makarantar Lahadi, yana bakin gonar shinkafa da gwangwani yana korar jan-baki. Wannan ba hutu ba ne, ɗan'uwa. Ka ɗora gajiyarka a kan wanda ba shi da bakin cewa a'a. In ma'aikacinka Musulmi ne, Lahadi ba ta dame shi ba, to, kana sakinsa ran Jumma'a da lokaci ba tare da ka yanke masa kuɗi ba? Kana biyansa kafin rana ta faɗi, yadda Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce, ko sai ya yi ta sintiri a ƙofar gidanka? Mutumin da ka riƙe wa haƙƙi ba zai yi barci ba, kuma Yakubu 5:4 ya ce kukan masu girbi yana isa kunnen Ubangiji.

Sai matanmu. Kwana shida tana turara shinkafa, tana shanya, tana kwasa a kai inji. Ran Lahadi ita ce farkon tashi, ta ɗebo ruwa, ta wanke yara, ta dafa, ta je zumuntar mata, ta komo ta tarar da baƙi. Kai kuma ka miƙe a tabarma ka ce ranar hutu ce. Ta wa? 'Yar'uwa, ke ma umarnin nan da ke yake. Maigida, in kana so ka san ko gidanka yana kiyaye ranar Ubangiji, kada ka dubi kanka, ka dubi matarka da ƙarfe huɗu na yamma.

Addu'ar mai hutawa

Tsayawa kaɗai ba ta isa ba. Mutum zai iya ajiye fartanya ya yini yana lissafin bashi a ransa, ya tashi Litinin ya fi dā gajiya. Abin da yake mai da tsayawa ta zama hutu shi ne addu'a, domin a cikinta ne kake sauke kayan a hannun wani.

Ka dubi Markus 1:21-38. Ran Asabar ce. Yesu ya koyar a majami'a, ya fitar da aljani, ya warkar da surukar Bitrus, da magariba kuma gari duka ya taru a ƙofa. Kashegari tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa, yana addu'a. Almajirai suka bi sawunsa suka ce kowa yana nemansa. Bai ruga ya koma ba. Ya ce su tafi waɗansu garuruwa. A wurin addu'ar nan ya san abin da yake nasa ya yi da abin da ba nasa ba. Mutumin da ba ya keɓewa da Allah, duk wanda ya kira shi ya zama ubangidansa.

Waɗanda suka tsara aikin ban ruwan nan sun gina waɗansu matattaran ruwa a tsakiyar filaye. Da dare, sa'ad da ba mai ban ruwa, ruwan kanal yana taruwa a cikinsu shiru, don gari ya waye da abin rabawa. Ba wanda yake tsayawa ya yaba wa irin wannan tafki, ba kwando ko ɗaya da ake tsinka a cikinsa. Amma ka hana shi cika ka ga abin da zai sami na ƙarshen kanal. Haka lokacin da kake zaune a gaban Allah ba ka "yin kome".

Yanzu bari in taɓa gidanmu, mu 'yan Fentikos. Muna son addu'a, yabo ga Ubangiji. Muna ɗaga murya, kuma ba laifi, ikilisiyar farko ma ta ɗaga (Ayyukan Manzanni 4:24). Amma akwai addu'ar da ba kome ba ce sai fargaba da aka ƙara wa sauti. Mutum yana ihu a kan gonarsa awa biyu, yana ɗaurewa yana kwancewa, ya tashi da tsoron da ya durƙusa da shi, domin a ransa yana ganin ƙarfin muryarsa ne zai sa tumatir ya yi 'ya'ya. Wannan ma shayarwa da ƙafa ce, an dai shigo da ita majami'a. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al ne suka yini suna ihu. Addu'ar Iliya gajeruwa ce, wuta kuwa ta sauko. Bayan haka, da Iliya ya ƙare ƙarfinsa har ya roƙi mutuwa a gindin itace, Allah bai tura shi addu'ar kwana ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da gurasa da ruwa, ya sāke barin shi ya yi barci (1 Sarakuna 19). Mu shugabanni mu ji wannan. In mun sa manomi addu'ar kwana ran Jumma'a, gwajin waƙa ran Asabar, sujada daga takwas zuwa biyu ran Lahadi, taron kwamiti har la'asar, mun zama masu ƙara tubali, ba masu sauke kaya ba. Wanda muke wa'azinsa ya kira masu gajiya da masu nauyin kaya su zo wurinsa su sami hutu (Matiyu 11:28-30). Kada su zo su tarar da mu a ƙofa da wani kayan.

Ibraniyawa 4:9-10 ya ce akwai hutun Asabar da ya rage wa jama'ar Allah, kuma wanda ya shiga cikinsa ya daina nasa ayyuka kamar yadda Allah ya daina nasa. Ƙofar wannan hutu ita ce gicciye. Ran Jumma'a Yesu ya kammala aikin ceto, ran Asabar jikinsa yana kwance a kabari, almajirai ba su tsinana kome ba, suna ɓoye a ɗaki. Ran Lahadi ya tashi, ba da taimakon kowa ba. In babban al'amarin rayuwarka, wato cetonka, an gama shi ba da hannunka ba, eka ɗaya ta albasa ce za ta gagari Allah kwana ɗaya? Yesu ya ba da misalin manomin da ya watsa iri, yana barci yana tashi, irin yana tsiro yana girma, shi bai ma san ta yaya ba (Markus 4:26-29). Zabura 127 kuma ta kira barci kyautar da Allah yake ba ƙaunatattunsa.

Ga abin da nake yi tun shekarar da tsohuwar nan ta jira ni, ka gwada shi wannan mako. Ran Asabar da la'asar sakaliya nakan je gona ba tare da fartanya ba. In zagaya ta, in tsaya a bakin kanal, in faɗa wa Allah abin da yake damuna da sunansa: ganyen da na ga ya fara naɗewa, bashin da ya rage da ranar biyansa, farashin da ya faɗi, maƙwabcin da nake zargin ya toshe mini ruwa. Ba na yi masa ado. In na gama faɗa, sai in yi shiru ɗan lokaci, abin da ya fi mini wuya ke nan. Sannan in gode masa a kan abu uku da ban yi da hannuna ba. In koma gida, in biya duk wanda ya yi mini aiki, in kashe waya, ba na kunna ta sai bayan sujada. Makon farko za ka ji kamar ana jan ka da igiya zuwa gona. Wannan jan, shi ne abin da za ka kai gaban Ubangiji ran Lahadi da safe.

Mu yi addu'a

Ya Uba, kai ne ka cika Tiga da damina sa'ad da muke barci. Ga filina, ga bashina, ga kwandunan da ban san nawa za su yi ba, na ajiye su a hannunka daga yammacin nan. Ka gafarta mini ranakun da na zauna a gidanka hankalina yana kasuwa. Ka tuna da 'yan'uwanmu na ƙarshen kanal, ruwa ya isa gare su a kan kari. Ka ba ni tagomashi a wurin maƙwabcina sa'ad da zan yi masa maganar musanya. Ka nuna mini wanda yake ɗauke da gajiyata a gidana da gonata, ka ba ni zuciyar sakinsa. Ruhu Mai Tsarki, ka kwantar da ni yau in yi barci. A cikin sunan Yesu. Amin.